Shafin da Baba Ya Gyara

Litinin, kwana ashirin da saukar ruwan farko

Zuwa ga uwar 'ya'yana, ɗalibar aikin ungozoma,

Aminci ya tabbata a gare ki. Gaisuwar da na tara miki, da da mudu ake aunata, da direban da ke kai mana wasiƙu ya ce motarsa ba za ta ɗauka ba. Ina fatan kina lafiya, karatu yana shiga, ƙafar nan kuma da ke kumbura saboda tsayuwa a ɗakin haihuwa ta sassauta. Mu nan lafiya muke. Tarin Auta ya tafi, sai ɗan saura da takan tono idan aka ce a ɗauko littafin lissafi. Ni kuwa ciwon bayana ne, kin san shi, tsohon abokin zama.

Ba zan yi ƙorafi a kan asibitin nan naku da sai an hau tudu ake samun layin waya ba. Takarda ta fi mini. Waya ba ta ba mutum damar goge kalma ya sa wadda ta fi ta kyau.

Ga rahoton makaranta, bisa alkawarin da muka yi ranar tafiyarki: tunda an rufe makarantar unguwa ana gyaran rufinta ba a san ranar gamawa ba, ni zan koyar da yara a gida, in riƙa rubuto miki yadda abin yake. Idan kika ga ba ya tafiya, Yayanki zai zo ya ɗauke su, su zauna gidansa su shiga makarantar da ke kusa da shi. Na maimaita sharaɗin ne don ki san ban manta ba, ba don hannuna na jin daɗin rubuta shi ba.

A baranda muke zama. Teburin da nake gyaran rubuce-rubucen maɗaba'a a kai na raba shi biyu, rabi nawa da jan birona, rabi nasu. Da safe lissafi da karatu, kuma na kafa doka cewa duk wasiƙarki babbar 'yarmu ce za ta karanta mana da ƙarfi, ya zama darasi. Da hantsi sai mu shiga abin da na fi ƙauna, wato nazarin damina. Kowacce na da littafinta, ta rubuta abin da idonta ya gani a tsakar gida.

Mun jera kwalabe biyu don awon ruwan sama. Abin mamaki, kwalbar Auta kullum ta fi cika. Ranar Alhamis ko yayyafi ba a yi ba, amma muka tarar da ruwa yatsa biyu a ciki. Da na nemi bayani, sai ta ce ai girgijenta dabam yake zuwa. Mun sami girgijen a bayan ƙofa, yana da hannu da ɗan dogon baki, buta muke kiransa.

Ita kuwa babbar, ba banza muke ce mata Alƙaliya ba. Na nuna mata ɗigon ruwa a kan ganye na ce kamar lu'ulu'u yake, ta tambaye ni ko na taɓa ganin lu'ulu'u. Ban taɓa ba. Muka koma kan darasi.

Mun kuma shuka wake a gwangwanayen madara guda tara. Ga abin da ya zo mini a kansu:

Sama ta yi kuka, ƙasa ta yi ƙamshi,
Wake ya leƙo yana jan numfashi,
Kowane lungu da ɗan tsiro nashi,
Sai ɗakinki, shi kam rani bai bar shi.

Na haɗo miki shafi guda daga littafin Alƙaliya a kan waken. Na kwafe shi da hannuna domin nata ya sha feshi.

Mijinki mai ƙirga kwanaki.

*

Lahadi

Malam,

Na amsa sallama, na kuma gode da gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, na sami takalmi mai faɗi. Ka daina zama a kujerar nan mara jingina, ita ce ke cin bayanka. A ci gaba da ba Auta ruwan ɗumi da safe.

Waƙar ta iso lafiya. Na karanta sau biyu, na karanta wa abokiyar ɗakina sau ɗaya. Ta ce nata mijin in ya rubuto, tambaya yake yi ina ta ajiye mukullin ɗakin kaya.

Amma shafin nan ya tsaya mini a rai. Ga abin da ke ciki: “Bakwai daga cikin waken sun zaɓi su koma ga ƙasa, uwar da ta haife su, suka bar biyu su riƙa ba da labarinsu.” Malam, ni na haifi yarinyar nan, shekara goma sha ɗaya ina sauraronta. Ban taɓa jin ta ce wake ya zaɓi wani abu ba. Yarinyar da in ka ce mata an jima kaɗan sai ta tambaye ka minti nawa. Idan shafinta ya jiƙe, a aiko mini da shi a jiƙe, na saba karanta rubutun likitoci.

Ba ka kuma faɗa mini inda ta kai a lissafin rabawa ba. Na ji labarin girgije da lu'ulu'u, na yi dariya har aka leƙo daga ɗakin da ke kusa, amma ban ji lamba ko ɗaya ba.

Tunda ke ce mai karanta wannan, 'yata, ki saurara: ki rubuto mini da hannunki, ko layi uku ne. Ki ja kunnen Auta a kan buta, a hankali.

Ban ce komai ga Yaya ba tukuna. Ina dai jira.

Matarka.

*

Laraba, tsakiyar damina

Zuwa ga hasken gidan nan da aka ara wa wani gari,

Aminci da rahama su lulluɓe ki kamar yadda kore ya lulluɓe bayan gidanmu. Ina fatan jiki da zuciya suna lafiya. Mu duka lafiya. Ki gafarta jinkirin amsa. Aikin maɗaba'a ya taru, sannan motar direbanmu ta kwana takwas a wurin bakanike, sannan, to, kwanaki ne suka yi ta zamewa. Na soma wasiƙar nan sau huɗu ina yagewa. Na rasa me ke damun alƙalamina. In zauna, in tashi, in zaga tsakar gida, in dawo in tarar na sa shafi na arba'in a gaban na goma.

Amma bari in ba ki labarin baƙuwar da muka yi. Hawainiya ce ta sauka a katangarmu ranar Asabar, muka ajiye lissafi muka fita tarbarta. Auta ta ɗauko jan mayafinki ta shimfiɗa mata don ta ga ko za ta koma ja. Baƙuwar ta dubi mayafin da ido ɗaya, ta dube mu da ɗayan, ta wuce abinta ba ta canza ko ɗigo ba. Auta ta yanke hukunci cewa wannan ta lalace, a nemo wata.

Hawainiya mai tafiya da yanga,
Ta sa kore ta hau katanga,
Ido guda can sama yake hanga,
Ɗayan na kan Auta mai kaɗa ganga.

Gangar ba wata ba ce, gwangwanin madara ne da babu kowa a ciki yanzu.

Muna kuma kiwon 'ya'yan kwaɗi a bokitin wanki. Sun fara fitar da ƙafafun baya, abin sha'awa ƙwarai. A nan ne wayata ta gamu da ajalinta, domin Auta ta so ta haska musu fitila su ga hanya. Kada ki wahalar da kanki hawa tudu saboda ni. Iyayensu kuwa suna can kwata:

Kwaɗi a kwata sun kafa majalisa,
Kowa na jawabi, ba mai jin ɗan'uwansa.

Dodon-koɗi ma ya shiga makarantarmu. Auta ta ajiye guda uku a kan shafukan da zan mayar maɗaba'a, suka bi ta kan babi na biyu suka bar sawu mai ƙyalli. Na gaya wa mai maɗaba'ar cewa masu karatu ne na farko, kuma ga alama sun bi labarin a tsanake. Bai yi dariya ba.

Alƙaliya tana lafiya.

Jiya da la'asar an yi ruwa mai ƙarfi, na tsaya a bakin ƙofa har ya ɗauke:

Ruwa na dukan kwano, ni ina ƙirgawa,
Ɗigo dubu, ba ɗaya mai cewa kina dawowa.

Mijinki, wanda barandar nan ta yi wa faɗi.

*

Talata

Malam,

Ina gaisuwa. Ni lafiyata ƙalau, sai dai hankalina ba ya jikina.

Kwana ashirin da uku ina zuwa bakin ƙofar asibiti ina tambayar mai gadi ko an kawo takarda. Da ta zo, na tarar da hawainiya, da kwaɗi, da dodon-koɗi, kowa da sakin layinsa. 'Yata ta fari kuwa kalma uku. Na roƙi layi uku da hannunta, ba su zo ba, ba ka ma ambaci roƙon ba. Wasiƙa biyu ke nan ban ga rubutunta ba.

Na san ka, Malam. Rabon da ka jera mini waƙa uku a takarda ɗaya tun lokacin da mahaifiyarka ke kwance a asibiti kana ce mini mura ce. In abu ya yi maka nauyi, fure kake zuba masa a kai. Me ya sami yarinyar nan? Hannunta ne? Ƙonewa ta yi a kicin? Zazzaɓi ne? Kullum a nan ina ganin yaran da aka kawo a makare, iyayensu na cewa sun ɗauka abin zai wuce. Shekaranjiya malamarmu ta yi mini tambaya sau biyu a gaban mai naƙuda ban ji ta ba.

Na hau tudu na kira wayarka duk da ka hana, shiru. Sai na kira Yaya. Zai zo ranar Asabar ya ga yaran da idonsa, kuma na ce masa ya tafi da su duka biyun. Ka haɗa musu kayansu, har da rigunan sanyi. Ba fushi nake yi ba. Sharaɗinmu ɗaya ne, ka rubuto mini yadda abin yake, ni kuma yau ban san yadda yake ba.

Matarka.

*

Lahadi

Uwar 'ya'yana,

Aminci ya tabbata a gare ki. Alƙaliya ba ta da ciwo ko kaɗan. Hannunta lafiya, cinta lafiya, barcinta lafiya. Yayanki ya gan ta jiya, zai tabbatar miki. Na sa wannan a farko don ki sami numfashi kafin ki karanta sauran.

Shafinta bai jiƙe ba. Ga abin da ta rubuta, ga kuma shafin kansa na yago na haɗo:

“Gwangwani tara. Bakwai sun mutu, saiwarsu ta ruɓe tana wari. Dalili: Baba bai huda gindin gwangwanayen ba, ruwa ya kwanta. Na faɗa masa ranar shuka, ya ce wake ya san hanyarsa. Biyun da suka rayu su ne masu tsatsa, dama a huje suke.”

Na karanta wannan da jan biro a hannuna. Shekara ashirin ina gyara rubutun mutane, hannuna ya saba in ya ga jimla tsirara sai ya sa mata riga. Haka na gaya wa kaina. Amma gaskiyar ita ce na ga sunana a wurin dalili, na tuna sharaɗinmu, na ji tsoron ki ce mutumin da ya kasa raya wake ba zai iya da yara ba.

Da wasiƙarki ta farko ta zo, ita ta karanta, bisa dokar da ni na kafa da bakina. Ta kai kan jimlar waken nan ta tsaya. Ta shiga ɗaki ta ɗauko littafinta, ta buɗe ta ajiye kusa da wasiƙar, ta dubi wannan ta dubi wancan.

“Baba, ina inda na ce ba ka huda su ba?”

Na ce na ɗan gyara ne don ya yi daɗin karatu.

“Kai ka ce mu rubuta abin da ido ya gani.”

Ta rufe littafin. Tun daga ranar ba ta sake buɗe shi ba. Tana gaishe ni, tana yin lissafinta, tana wanke wa Auta kai. Amma da an shiga nazarin damina sai ta naɗe hannu ta zauna kamar baƙuwa. Na ce ta rubuto miki layi ukun, ta ce me amfanin, tunda za a gyara. Na rasa yadda zan gaya miki wannan ba tare da na gaya miki wancan ba, shi ya sa na tura miki hawainiya.

Yayanki ya iso jiya da hantsi. Kin san shi, maganarsa a ƙirge take. Ya taɓa goshin kowacce, ya sa Alƙaliya ta miƙa yatsu, ya ba ta rabawa biyar ta ci huɗu. Auta ta ba shi kyautar dodon-koɗi, ya karɓa ya rasa inda zai ajiye, ya yi ta riƙe da shi har muka gama magana. Sannan ya ce shi ɗan aike ne, a fito da jakunkuna. Na fito da su. Na haɗa su tun ranar Juma'a, har da rigunan sanyin.

A nan, a gabansa, na nemi gafarar 'yarki. Karo na farko na fara da yadda zuciyar uba take kamar kogi, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Karo na biyu na yi magana a kan rauni irin na ɗan Adam, Yayanki ya duba agogo. Karo na uku na ce:

“Na sa miki ƙarya a baki, na aika wa mahaifiyarki. Ki yafe mini.”

Ta ɗago. Ta ce laifin biyu ne, akwai na gwangwani akwai na shafi, wanne nake nufi. Na ce duka. Ta ce to. Sai ta shiga ɗaki ta fito da tarin takardu, tsofaffin shafukan maɗaba'a da nake zubarwa. Ashe duk kwanakin nan a bayansu take rubutu. Awon ruwa na kowace rana yana nan, an cire na buta. Ranar da ƙafar ɗan kwaɗo ta fito tana nan. Hawainiyar ma ta auna tsawonta da rula ban sani ba. Ni kaɗai ta daina nuna wa.

Na roƙi Yayanki ya bar su har amsarki ta zo. Ya miƙa wa Auta dodon-koɗinta, ya ce kwana goma. Jakunkunan suna nan a bakin ƙofa ban kwance ba. Idan kika ce su tafi, ni zan kai su mota da kaina, ba zan ce kin zalunce ni ba. Ina dai so su zauna. Ban san yadda zan ƙawata wannan ba, kuma ba zan gwada ba.

Mijinki.

Mama, ni ce. Ina wuni. Lafiyata ƙalau. Na iya rabawa, sai mai saura ce ke ba ni wahala. Mun sake shuka wake shida ranar Asabar da yamma, Baba ya huda su da ƙusa, ya buge yatsansa sau biyu. Ya iya koyar da karatu sosai. Lissafi yana yi yana duba bayan littafi. Ni dai ina so in ga kwaɗin sun gama fitowa. Gidan Kawu babu tsakar gida, duk siminti ne. Baba ya ce ya duba wannan kafin a rufe ambulan, na ce a'a.

*

Alhamis

Malam,

Na amsa sallama. Ina lafiya, kuma tun da na tafi ban yi barci irin na shekaranjiya ba. A sa wa yatsan nan magani, a bar shi a buɗe.

Na karanta shafin 'yata a tsaye a bakin ƙofar asibiti. Da na kai wurin wake ya san hanyarsa, sai da mai gadi ya tambaye ni ko lafiya. Na ji muryarka, na ji tata, na ga barandar kamar ina ciki. Da wannan ka aiko mini tun farko, da dariya kawai zan yi. Wake bakwai, Malam. Ni da na bar maka mutum biyu.

Na ji haushinka kwana ɗaya cur. Ka sa na tayar da Yaya daga shagonsa, ka sa na yi makonni ina jinyar yarinyar da ba ta da ciwo. Wannan sai na dawo za mu yi maganarsa, ba ta takarda ba ce.

Na hau tudu na gaya wa Yaya ya bar zuwa. Ku kwance jakunkunan. Amma daga yau rahoton makaranta Alƙaliya ce za ta rubuta, ita za ta rufe ambulan, ita za ta miƙa wa direba. Jan bironka ya tsaya a rabinka na tebur. Rabawa mai saura kuma ku zauna ku koya tare, a daina leƙen bayan littafi.

Saura magana ɗaya, wannan kuma kai za ka karanta da kanka, 'yata ki miƙa masa takardar. Da na gama wasiƙarka na juya bayanta ina neman baiti, babu. Na girgiza ambulan, babu. Abokiyar ɗakina ta karɓa ta duba, ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Shekara goma sha huɗu ban taɓa samun takarda daga hannunka babu waƙa ba, kuma ban ji daɗinta ba. Ka ci gaba da aikowa. Sai dai ka sa ta a takarda dabam, ka rubuta a sama cewa waƙa ce, don in san inda zan yarda da kai da inda zan ji daɗi kawai.

Matarka.